Ƙofar Maɗacin Dogo

Ƙanena kafinta ne. Shekara arba'in da uku ke nan yana wannan sana'a a rumfa ɗaya, a bayan gidansa, ƙarƙashin kwanon da ya buga da hannunsa. Dogo ake ce masa tun yana yaro, ko da yake tsawon ya tsaya masa yana ɗan shekara goma sha huɗu, sa'o'insa duk suka wuce shi suka bar masa sunan. Na girme shi da shekara shida. Makarantar mishan ɗaya muka yi. Ni na gama, na shiga ofishin ayyuka na zama mai zanen gine-gine har na yi ritaya. Shi kuwa ya riƙa sulalewa daga aji yana maƙalewa a ɗakin koyon aikin katako, har malamai suka gaji suka bar shi can. Abin da zan faɗa ya faru bara, kuma har yau idan na tuna sai in ji bakina ya yi ɗaci.

Dogo ba ya son lamba. Ya iya karanta tef ɗin awo sarai, amma ya fi yarda da sanda. Idan aka kira shi aiki, sai ya ɗauki siririn katako ya kara a wurin, ya yi alama da fensir, ya koma rumfa. Idan abu mai lanƙwasa ne, sai ya yanka kwali daidai siffarsa, ya ɗora a kan katako ya bi gefensa. Da haka ya yi suna wajen sa ƙofa. Magini zai bar ramin ƙofa a karkace, sama ta fi ƙasa faɗi, Dogo ya zo ya tsaya ya duba, ya yi ɗan tsaki, ba zai ce wa kowa komai ba. Zai fere nan, ya rage can, har ƙofar ta rufu kamar tare aka haife su da bangon. Maigida ya yaba wa magini, magini ya karɓi yabon ba kunya.

Na sha yi masa faɗa a kan wannan. A ofishinmu, idan ka ga kuskure a takarda, jan biro ake zagaye shi da shi a mayar wa mai shi.

"Yaya, in na tona magini yau, gobe wa zai kira ni?" in ji shi. "Kuma ƙofar ai ta rufu."

Abu ɗaya ne ba ya yi: faci. Idan zarto ya zarce, ko katako ya tsage, jefar da shi yake yi gefe ya ɗauko sabo. Ya ce a duk garin nan ba wanda zai nuna aikinsa ya ce ga inda aka cike.

A saman rumfar, bisa katakan da suka riƙe kwano, akwai wata ƙofa da ta yi shekara talatin da huɗu a kwance, naɗe cikin buhuna. Lokacin da aka rushe tsohon ginin makarantarmu, 'yan kwangila suna ta jifa da kaya a fili, Dogo ya je ya ɗauko ta a ka. Ƙofar ɗakin koyon zane ce. Maɗaci ne, kaurinsa inci biyu, ja mai duhu, kuma idan ka juya shi wajen haske sai ka ga jijiyoyinsa suna tafiya kamar ruwan da iska ta taɓa. Irin wannan katako ba a samunsa yanzu ko a ina. Kowace shekara yakan sauko da ita ya share, ya duba ko gara ta kusance ta, ya mayar. Wani lauya ya so a yi masa teburin ofis da ita, Dogo ya ƙi. Matarsa ta roƙi teburin cin abinci har ta gaji. Amsarsa ɗaya ce kullum: ba ta sami aikinta ba tukuna.

Ni ma ina da rabo a ƙofar nan, don a bayanta na koyi sana'ata. Malaminmu na zane wani siririn mutum ne da muke kira Ma'auni. A wurinsa takarda ba ta zama zane sai ta nuna abu ta gaba, ta gefe, ta sama, sannan a yanka shi a nuna cikinsa. Kowace tazara da lambarta. A kusurwar ƙasa ta dama akwai akwati: sunan wanda ya zana, sunan wanda ya duba, kwanan wata, da sikeli, wato nawa a takarda ke tsaye a madadin nawa a zahiri. Idan ka manta lamba ɗaya, ba ya duka. Miƙo maka takardar zai yi ya ce ka kai wa kafinta, ka tsaya kusa da shi yini guda kana amsa tambaya, tunda takardarka bebiya ce. Sau ɗaya na yi wannan tsayuwa, ban sake ba.

Autar Dogo ce ta sa aka sauko da ƙofar. Auta tana aiki a kantin magani, ranakun hutu kuma tana kaɗa jita mai lantarki tare da wasu abokanta a ɗakunan taro. Jitar aro take amfani da ita, mai ita kuma ya cika ƙorafi. Wata rana tana zaune a rumfa tana kallon ubanta yana goge ƙafar kujera, sai ta ce, "Baba, ita ma jita ai katako ce. Me zai hana ka yi mini tawa?"

Ya ci gaba da goge ƙafar kujerar. Washegari da safe matarsa ta fito shanya ta tarar da ƙofar jingine da bango, an kware buhunan.

"Shekara talatin ina roƙon tebur," ta ce mini daga baya. "Yarinya ta buɗe baki sau ɗaya. Yaya, ka gaya mini, ni baƙuwa ce a gidan nan?"

Ƙofar ba za ta ba da jita biyu ba. Bayan an cire inda makulli ya ci da inda ƙusoshi suka huda, abin da ya rage mai kyau jiki ɗaya ne da wuya ɗaya. Dogo ya san haka, shi ya sa ya ce ba zai taɓa ta da zarto ba sai an kawo masa siffar abin a takarda. Auta ta shiga wayarta ta samo wani mai sayar da zanen jita a wata ƙasa. Shafinsa cike yake da hotuna masu sheƙi, ya kuma rubuta cewa zanen cikakke ne, girmansa girman jitar ne, ɗorawa kawai za ka yi a kan katako ka yanka. Ta saya, ta kai wa mai fotokwafi na bakin titi ya buga mata a manyan takardu guda shida. Ƙarafan jitar da wayoyinta kuma ta yi odarsu daban.

Aka aiko a kira ni, tunda ni ne mai zane a dangi. Na sa tabarau, na ɗauki rular ƙarfe da na yi shekara talatin da biyar ina aiki da ita, na tafi.

An shimfiɗa takardun a kan bencin aiki, an danne kusurwoyinsu da guduma da gwangwanin gam. Na fara duba kusurwar ƙasa ta dama, kamar yadda na saba. Babu akwati. Babu sunan wanda ya zana, babu na wanda ya duba, babu kwanan wata. A wurin, hoton wata walƙiya aka sa da sunan shagon cikin manyan haruffa masu ƙaho. Takarda ta farko jikin jitar ce, layi ɗaya mai kauri kamar an ja shi da gawayi, kaurin layin kansa ya kusa milimita biyu, ba ka san ko cikinsa za ka bi ko wajensa ba. An zana ramuka huɗu a jikin, ba a faɗi zurfin ko ɗaya ba. Takarda ta biyu wuya ce, da layukan da za a dasa ƙananan ƙarafa a kansu, guda ashirin da biyu, babu lamba a tsakanin ko biyu daga cikinsu. A ta uku an rubuta kauri da inci, a ta huɗu da milimita, kuma da na lissafa ba su yi daidai da juna ba. Ta biyar hoton wayoyin lantarki ne da wani ya ɗauka hannunsa na rawa. Ta shida godiya ce, da roƙon a ba su taurari biyar na yabo a shafinsu.

"Wannan ba zane ba ne," na ce. "Wanda ya yi wannan bai taɓa tsayawa kusa da mai zarto ba."

"Baffa, mutum dubu sun saya," in ji Auta. "Duk sun yaba."

"Sun yaba kafin su yanka ko bayan sun yanka?"

Ta yi dariya, amma ta sunkuyar da kai.

"Ina layin gwaji?" na tambaya. "Duk takardar da aka ce girmanta girman abu ne, ana ja mata layi a gefe a rubuta cewa wannan santimita goma ne, don wanda ya buga ya auna ya tabbatar. Ina yake?"

"Yaya, ni ba lamba nake nema ba," in ji Dogo. "Siffa nake nema, ga ta kuwa. Sauran hannuna zai gaya mini."

"Hannunka ya taɓa yin jita?"

"Kai naka ya taɓa zana ta?"

Matarsa da ke tsaye a bakin rumfa ta ce, "To, an fara. Bari in kawo muku ruwa, tsofaffi biyu za su yi dambe a kan takarda."

Gaskiyarsa ce, ban taɓa zana jita ba. Rular tana hannuna, amma ban san wace tazara ce ya kamata ta zama nawa ba, takardar kuma ba ta faɗa ba, don haka babu abin da zan gwada da wani abu. Na ce kada ya yanka ƙofar, ya fara gwadawa da katakon banza. Ya ce shi ba ɗan koyo ba ne. Na ƙara da wata magana da bai kamata in yi a gaban yarinyar ba, na ce an sayar mata da shara. Na ga fuskarta ta canja, na ga uban ya ga haka. Na naɗe tabarau na koma gida.

Aikin ya ɗauki mako bakwai. Ina zuwa gaisuwa, ana ba ni kujera a tsakar gida, ba a rumfa ba. Idan na tambaya yaya aiki, sai Dogo ya ce lafiya lau. Abin da ya faru a cikin makonnin nan daga baya na ji shi, rabi daga bakin matarsa, rabi daga nasa.

Ya manna takardu a kwali, ya yanka, ya ɗora a kan maɗacin ya bi gefe, kamar yadda ya saba. Ya gama wuya, ya gama jiki. Da ya zo haɗa su, sai wuyan ya ƙi shiga ramin da aka zana masa a jiki. Ramin ya gaza da kamar milimita uku. Wani kafintan zai tsaya ya ce, takarda ɗaya ce ta ba ni wuya ta ba ni rami, me ya sa ba su san juna ba? Dogo ya yi tsaki, ya fere gefen ramin kaɗan-kaɗan har wuyan ya zauna ba ko hanyar iska, ya shafa gam ya ɗaure. Da ƙarafan oda suka iso, akwai wasu 'yan akwatuna biyu masu maganaɗisu da ke ɗaukar sautin tsirkiya su kai wa lasifika. Su ma suka ƙi shiga ramukansu. Ya faɗaɗa. Murfin ramin wayoyi ya fi raminsa girma. Ya faɗaɗa. Sau uku katakon yana gaya masa akwai matsala, sau uku yana rufe masa baki, kuma ya yi shi da gwanintar da ba wanda zai gane an taɓa wurin.

Na tambaye shi daga baya me ya sa bai kira ni ba.

"In kira ka ka ce me? Ka riga ka faɗa a gaban yarinya." Ya ƙara da cewa, "Kuma ni duk rayuwata haka ake kawo mini abu. Ban taɓa ganin ramin da ya zo daidai ba."

Bayan ya haɗa komai sai ya shiga shafa mai. Bai sa fenti ba, bai sa komai mai ƙyalli ba. Mai kawai, da tsumma, kowace safiya, kwana goma sha huɗu. Ranar da aka ƙyale ni na shiga rumfa, na tarar da jitar a rataye. Ban san kiɗa ba, amma na san aiki. Jan maɗacin ya fito har ƙasa, jijiyoyin nan suna bin lanƙwasar jikin kamar don ita aka shuka itacen. Inda wuya ya haɗu da jiki, na bi da farce ban ji gaɓa ba. Na ce masa a cikin shekara arba'in da uku bai yi abin da ya kai wannan ba. Ya ce, "Yau kuma Yaya ne da yabo? Bari in zauna kada in faɗi."

Ranar Asabar da hantsi Auta ta zo da ƙaramar lasifika. Ta ɗaura tsirkiyoyi shida, ta ja su har suka daidaita, ta kaɗa su a sake. Sautin ya cika rumfa, mai kauri, ya daɗe bai mutu ba. Uwar ta rangaɗa guɗa 'yar ƙarama ta rufe baki. Dogo ya juya baya yana gyara gwangwanayen da ba su buƙatar gyara.

Sai Auta ta fara waƙa. A can saman wuya, kusa da kai, abin ya tafi daidai. Da yatsunta suka gangaro wajen jiki, sai na ji wani abu ya yi tsami. Ni da ban san kiɗa ba ma na ji. Ta tsaya, ta sake daidaita tsirkiyoyin, ta sake farawa. Tsamin ya dawo a wuri ɗaya, yana ƙaruwa duk lokacin da ta ƙara gangarowa. Ta ɗauki sukundireba. A gindin jita akwai ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a kansa, makaɗa suna ce masa jaki, yana da 'yan sukurori da ake matsar da mazaunin kowace tsirkiya gaba ko baya. Ta ja su baya har suka ƙure. Ya ragu, bai tafi ba.

"Baffa, ara mini rularka," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ƙarfe na goma sha biyu dole ya zama a tsakiyar tsirkiya. Daga kai zuwa nan, da daga nan zuwa jaki, dole su zo ɗaya."

Wannan ita ce lambar da na nema mako bakwai da suka wuce. Da mai zanen ya rubuta ta, layi ɗaya ne. Na auna da kaina. Daga kai zuwa ƙarfe na goma sha biyu, milimita ɗari uku da ashirin da huɗu. Daga nan zuwa inda jaki ya zauna, ɗari uku da goma sha uku. Na sake aunawa, don Ma'auni bai yarda da awo ɗaya ba. Milimita goma sha ɗaya suka ɓata, ƙasa da faɗin ɗan yatsa.

Dogo ya ɗauko kwalinsa ya ɗora a kan jitar. Ya zauna daram. Ya ɗauko takardar ya ɗora a kan kwalin. Ita ma daram.

"Ban kauce ba," ya ce. "Ku duba. Ko gashi ban kauce ba."

Bai kauce ba kuwa. Ranar Litinin na ɗauki takardun na tafi wajen mai fotokwafi. Shago ne ƙarami mai zafi, warin tawada ya cika shi, mutumin yana cin gyaɗa yana zuba ɓawon a kan injin. Na tambaye shi yadda ya buga su.

"Ta wuyan siririya ce, ta shiga takardata yadda take," in ji shi. "Ta jikin ce ta ɗan fi faɗi, sai injin ya matse ta."

"Ya matse ta," na maimaita.

"Da kansa yake yi, Baba. In abu ya fi takarda sai ya rage shi kaɗan don kada gefe ya yanke. Kowa haka yake so."

"Me ya sa ba ka faɗa wa yarinyar ba?"

"Ba ta tambaya ba. Kuma a ina aka rubuta girmansa? Nuna mini. Da akwai lamba da na gani."

Na tattara takardun. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gaskiya ya faɗa, yana tauna gyaɗa. An rage jikin da kashi shida cikin ɗari, wuyan kuma yana nan yadda yake, kuma a cikin takardu shida babu layi ɗaya da zai tona hakan.

Auta ta rubuta wa mai sayar da zanen, ni na tsara mata abin da za ta ce, dalla-dalla, da lambobi. Amsa ta zo kafin ta ajiye wayar. Suna godiya da ta zaɓe su, suna fatan tana jin daɗin sabuwar jitarta, kada ta manta da taurari biyar. Ta sake rubutawa. Amsar nan dai ta sake zuwa, har da hoton walƙiyar. Ban yi zaton akwai mutum a can ba ma. Wani ya kwafi hoton jitar wani, ya ja layi a gefenta, ya rataya a kasuwa ya tafi harkarsa, ƙanena kuma ya sa zarto a katakon shekara talatin da huɗu bisa maganarsa.

Gyara ɗaya ne ya rage. Wuyan an riga an kama shi da gam, ba ya fita sai an fasa. Dole jaki ya koma baya da milimita goma sha ɗaya. Amma jakin a cikin rami yake zaune, an sassaƙa masa gurbi a fuskar jitar, ga kuma huda shida da suka ratsa har baya inda tsirkiyoyi ke bi. Idan ya matsa, tsohon gurbin zai bar baki buɗe a gabansa, tsofaffin hudojin kuma su zauna a fili. Sai an cike. Sai an yi faci, a fuska, a inda ido ke fara sauka.

Kwana tara jitar tana rataye bai taɓa ta ba. Ya yi wa wani gyaran taga, ya yi wa wata kujerar tsuguno. A na goma ya sauko da ita. Ya tona cikin guntayen ƙofar ya zaɓi wanda jijiyarsa ta fi kusa, ya yanka ɗan siriri ya dasa, ya fere 'yan turaku shida ya toshe hudojin, ya huda sababbi bisa awon da na yi masa da rula. Wannan karon da kansa ya ce in auna. Ya goge, ya shafa mai. Auta ta ɗaura tsirkiya ta kaɗa tun daga kai har gindi, babu tsami ko kaɗan.

Facin ya yi kyau, in faci yana kyau. Da hannu ba ka jin sa. Amma mai ba ya ɓoye komai. Ruwan jijiyoyin nan yana tafiya sai ya tsaya cak, ya tsallake wani ɗan layi mai faɗin yatsa, sannan ya ci gaba. A baya kuma ɗigo shida a jere kamar maɓallan riga.

"Baba, wallahi ba wanda zai gani," in ji Auta. "Hannuna ma a wurin yake zama. Daga nesa ake kallona."

"Ni na gani."

"Kai kaɗai."

"To ni ba mutum ba ne?"

"Malam, ka bar wa yarinya abinta," in ji matarsa. "Tsohuwar ƙofa ce fa. Wa ya ce sai ta fito ba tabo? Ni da kai ma ai duk faci ne."

Na sa baki na ce ya bar ta haka, duk wanda ya san aiki zai ga facin ya san gwani ne ya yi shi. Ya dube ni ya ce wanda ya san aiki shi ne wanda ba ya so ya gani.

Ranar Laraba, Auta tana kanti, ya kwance ƙarafan ya naɗe jitar a buhu ya kai wa mai fentin mota a ƙarshen layinsu. Ba wanda ya shawarta. Aka wanke man da ya yi kwana goma sha huɗu yana shafawa, aka shafe ta da farin ƙasan fenti, aka fesa baƙi sau uku. Da ya dawo da ita tana ƙyalli kamar murfin injin mota. Babu faci, babu ɗigo shida, babu maɗaci. Kana iya ganin fuskarka a jiki. Auta ta karɓa ta yi godiya da ladabi, ta shiga ɗakin uwarta, ta daɗe ba ta fito ba.

Tana kaɗa ta har yanzu, an ce sautinta ya fi na jitar aron nesa ba kusa ba. Dogo bai taɓa zuwa ya ji ba.

Watan jiya ina zaune a rumfa, sai ga wani mutum daga cikin abokan kiɗan Auta, mai gemu da jaka a kafaɗa. Ya gaishe mu da kyau, ya ce ya ga jitar, shi ma yana son a yi masa irinta sak, baƙa haka. Ya ce zai kawo zanen, ya ga ana sayarwa a waya.

"Kawo jitar da kake kaɗawa yanzu," in ji Dogo. "Yayana zai auna ta. Takardar ka bar ta a wayar."

"To, Baba. Wane katako zan nemo? An ce nata na musamman ne."

Na jira in ji. Dogo mutum ne da na sha gani yana mayar da mota guda ta katako saboda bai ji daɗin ƙarar da ya yi ba da ya ƙwanƙwasa shi. Dogo bai ɗago daga ƙafar teburin da yake gogewa ba.

"Ko wanne ka samu," ya ce. "Fenti za a shafa."